Ganin laburare da sel na Cadence ba sai ka buɗe Virtuoso ba

Salamu alaikum 'yan uwa masu zanen cip a nan Abuja.

In sunayen laburare kawai kake nema, kar ka jira Virtuoso (manhajar zanen cip ta kamfanin Cadence) ya gama lodi ta SSH (hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa). Shiga foldar aikinka, inda cds.lib yake (fayil ɗin da ke lissafa laburarenka), ka rubuta:

grep DEFINE cds.lib

Kowane layi zai ba ka sunan laburare da inda yake ajiye. Sai ka shiga can ka rubuta:

ls -d */

Sel ɗinka ke nan. Dalili kuwa, laburare folda ce kawai, kowane sel folda ne a cikinta, schematic da layout da symbol kuma foldoji ne a cikin sel. Alamar */ ita ke tsallake irin su cdsinfo.tag da data.dm. Babu lasisin da za ka riƙe, ko intanet na ja da ciki amsa za ta zo nan take.

Amma a kula, nan mutane ke ruɗewa. In cds.lib na ɗauke da INCLUDE ko SOFTINCLUDE (layukan da ke jawo wani fayil), grep ba ya bin su zuwa wancan fayil, kuma laburaren PDK (kayan zane da masana'antar ƙera cip ke bayarwa) galibi can suke. UNDEFINE ma zai fito a sakamakon, alhali cire laburare yake yi.

A irin wannan hali sai ka buɗe Virtuoso ka yi amfani da SKILL (yaren umarni na Cadence), a tagar CIW (tagar da ake rubuta umarni):

ddGetLibList()~>name
ddGetObj("sunan_laburare")~>cells~>name

Don Allah kar ka canza sunan sel da umarnin mv. Duk zanen da ke kiran tsohon sunan zai ɓalle.