Yadda na gyara ma'aunin juyin inji da ke min ƙarya

Na haɗa ɗan ma'auni don in san sau nawa ƙaramin injin fetur mai silinda ɗaya yake juyawa a minti: Arduino Nano (ƙaramar kwamfuta ce da ake sa wa lissafi), sensar Hall A3144 mai jin wucewar maganaɗisu, da ƙaramin allo. Na kafa sensar dab da faifan nan mai nauyi da ke juyawa tare da injin (flywheel), inda maganaɗisun wuta ke wucewa sau ɗaya a kowane zagaye. A kan tebur komai lafiya lau. Ina tayar da inji sai lambobi suka haukace, yanzu 3,500, ƙiftawa da bismilla 9,000.

Sai da na ɓata yini guda ina zargin sensar, har na canza ta. Ashe wayar fulogi ce. Duk tartsatsin da ta yi, wayar sensa da ke kwance gefenta sai ta kwashi hayaniyar, Arduino kuma ya ƙirga ta a matsayin zagaye.

Na janye wayar sensar nesa, na sa mai rigar kariya, na haɗa rigar da ƙafar ƙasa (GND) a gefen Arduino kaɗai. Rezistan cikin Arduino ba ya jan wayar siginar zuwa 5V da ƙarfi, don haka na ƙara na 4.7k daga wayar zuwa 5V, da kafasita 100nF a ƙafafun wutar sensar.

Sauran a lissafi yake. Na daina ƙirga bugu a daƙiƙa, na koma auna tazarar bugu biyu da micros(), umarnin da ke ƙirga lokaci a mikrosakan, in raba 60,000,000 (mikrosakan da ke cikin minti ɗaya) da ita. A juyi 3,600 a minti, zagaye ɗaya milisakan 16.7 ne, saboda haka duk bugun da ya zo kafin milisakan 8 sai in yi watsi da shi. Allon yanzu ba ya rawa sai na taɓa totur.