Kurakuran Sayayya a Baje Kolin Kayan Motsa Jiki, da Yadda Za a Kauce Musu

Manyan gasannin gudun yada-ƙanin-wani, irin na Boston da Landan da Berlin da Tokyo, duk suna da al'ada guda: kwanaki kaɗan kafin tsere ake buɗe baje koli, kuma a can ɗan tsere zai je ya karɓi lambar da zai maƙala a ƙirji. Masu shirya abin sun san abin da suke yi. Sau da yawa sai ka ratsa rumfunan takalma da agoguna da kayan ƙwalama kafin ka ga ƙofar fita. Ga zumuɗi, ga fargabar kilomita 42 da mita 195 da ke jiranka, ga mai talla yana cewa kayansa ne za su rage maka minti biyar. A irin wannan yanayi ake tafka yawancin kurakurai.

Babbansu shi ne sayen sabon takalmi da niyyar yin tsere da shi washegari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takalmin da ka sa na minti biyu a kan kafet ɗin rumfa bai gaya maka komai ba game da yadda zai kasance a kilomita na 30, lokacin da ƙafa ta kumbura, safa ta jiƙe da gumi. Ɗinkin da ba ka ji ba a rumfa shi ne zai fitar maka da bororo a dunduniya, ko ya mayar da farcen babban yatsa baƙi. Tun da kamfanin Nike ya fito da takalmin Vaporfly a 2017, takalma masu farantin kabon a tafinsu suka cika baje koli, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin tafin takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40. Takalman suna da amfani, ba na musu, amma suna sauya yadda ƙafa ke taka ƙasa, kuma sha-raɓa da agara suna buƙatar lokaci kafin su saba. In ka ga wanda ya yi maka, saya, ka ajiye shi a kwalinsa sai bayan tsere. Ranar gasa ka sa wanda ka riga ka yi dogon gudu da shi a atisaye.

A wajen gwajin ma akwai inda ake kuskure. Mutum ya zo da safar ofis siririya, ya gwada ƙafa ɗaya yana zaune, ya ce ya yi. Ka zo da safar da kake gudu da ita, ka gwada ƙafa biyun domin da wuya su zo daidai da juna, ka miƙe tsaye, ka tabbata akwai sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin. Gwajin yamma ya fi na safe, saboda ƙafa tana ƙara girma idan an wuni a kanta. Kada kuma lambar da ke jikin tsohon takalminka ta ruɗe ka, kowane kamfani da awonsa.

Riga da wando da safa ba su da dogon bayani. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ta yi nauyi, ta goge fata a hammata da cinya da kan nono har jini ya fito. Nemi yadin da ke fitar da gumi, ka juya rigar ka shafa ɗinkin ciki da yatsa. Rigar da aka ba ka kyauta tare da lamba, ita ma sabuwa ce, a bar ta sai an gama.

Inda na fi ganin mutane suna cutar kansu shi ne rumfunan abin ci. Kowace rumfa tana miƙo ɗanɗano: jel (wato ruwan sukari mai kauri a ƙaramar leda da ake tsotsa ana gudu), alewar taunawa, sandar hatsi, ruwa mai launi a ƙaramin kofi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na taɓa bin rumfuna ina lasar duk abin da aka miƙo mini, wai ai kyauta ne, daren nan kuwa ni da barci sai dai hange, cikina yana ta murɗawa. Da yawa daga cikin sandunan da aka rubuta wa "babu sukari" suna ɗauke da sinadaran zaƙi irin su sobitol da maltitol, waɗanda kan jawo kumburin ciki da gudawa. Wasu kuma cike suke da furotin da mai da harza, abubuwan da ke daɗewa kafin su narke. Suna da kyau bayan atisaye, amma a tsakiyar gudu nauyi ne kawai a ciki.

Abin da jiki ke nema a dogon gudu shi ne kabohaidiret, wato sitaci da sukari. Tsoka da hanta suna ajiye shi a matsayin gilaikojin, kuma ajiyar kan isa gudu mai ƙarfi na kamar minti 90 zuwa awa biyu. Idan ta ƙare ne ƙafa ke yin nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Shi ya sa masana abincin 'yan wasa ke ba da shawarar giram 30 zuwa 60 a kowace awa, har zuwa 90 a tseren da ya haura awa biyu da rabi, idan an haɗa sukari iri biyu, gulukos da furuktos, saboda hanji yana shanye su ta hanyoyi daban-daban. Yawancin jel suna da giram 20 zuwa 25 a kowane ƙunshi. To ka ga lissafin a bayan leda yake, ba a gaban da aka yi wa ado ba. Juya ledar, ka duba giram nawa ne, ka ƙirga awannin da kake sa ran yi, ka sayi daidai buƙata. Kuma hanji ma sai an koya masa. Wanda bai taɓa shan jel yana gudu ba, kada ya fara da giram 90. Jel mai kauri da ruwa ake kora shi, ba da wani abin sha mai sukari ba.

Duba maganar kafeyin ma. Akwai jel da babu ko ɗigo, akwai mai miligiram 100, kusan kofin kofi guda, kuma ledojin kan yi kama da juna. Wanda ya sha huɗu ko biyar a jere bai sani ba, zai ji zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa. Haka ƙwayoyin gishiri: gumin mutane ya bambanta ƙwarai, wani rigarsa har fari take yi, wani ko alama. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sannan ƙwayar gishiri ba lasisin ɗirkar ruwa ba ce. A wani bincike da aka yi kan 'yan tseren Boston na 2002, an samu kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma yawan shan ruwa fiye da kima ne ya fi jawo hakan.

Ga wanda ke shiga gasar da ake gwajin ƙwayoyi, garin ƙarin kuzari da ba a san asalinsa ba haɗari ne. WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, tana sabunta jerin haramtattun sinadarai, sabon jerin ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun kowace shekara, kuma ɗan wasa ne ke ɗaukar alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko da gurɓatar kayan ce ta jawo. Nemi tambarin gwaji mai zaman kansa, irin na Informed Sport, a jikin gwangwanin.

Sai batun rangwame. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kodayake a baje koli akan dace, musamman da takalman bara da kamfani ke son rabuwa da su, waɗanda bambancinsu da na bana sau da yawa bai wuce launi da ɗan gyara ba. Amma kwalin jel da aka karya wa farashi, duba ranar lalacewarsa tukuna, ka kuma sayi ɗaya ko biyu ka gwada kafin ka kinkimi kwali guda na ɗanɗanon da za ka tsana. Tambayi mai rumfa ko ana mayar da kaya, kuma a ina, domin rumfar jibi ba ta nan. Karɓi rasit. Agogon GPS kuwa, tambayi awa nawa batirinsa ke yi idan GPS ɗin na kunne, ba idan yana nuna lokaci kawai ba.

Akwai kuma kuskuren da ba ya taɓa aljihu sai ƙafa. Awa uku kana yawo a kan siminti, jaka a kafaɗa, kwana ɗaya kafin tsere, gajiya ce da za ta bi ka har layin farawa. In da hali, je ranar farko da safe kafin cunkoso, da takardar abin da kake nema a hannu, da gorar ruwanka. Karɓi lamba, duba sunanka da rukunin tashinka, ɗauki fil huɗu na maƙala ta, ka ba rumfunan awa ɗaya, ka koma masauki ka ɗaga ƙafa.