Kurakuran masu fara amfani da duwatsun waraka

Kuskure mafi muni shi ne jiƙa dutse a ruwa a sha. Malakit, koren dutsen nan, akwai tagulla a jikinsa; fairait kuma, mai ƙyalli kamar zinariya, tsatsa yake yi idan ya jiƙe. In dole ne, a sa dutsen a kwalba a toshe, sannan a tsoma kwalbar a ruwan.

Wajen wanki ma da sauƙi a ɓata dutse. Selenit, wani farin dutse, mai laushi ne, farce ma yana karce shi, ruwa yana cin sa. Busasshen ƙyalle ya isa, amma a fara hure ƙurar hunturu, domin yashin cikinta yana karce duk dutsen da bai kai 7 ba a ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10. Kada a binne dutse cikin gishiri ko kanwa.

Zafin ranar Damagaram yana kodar da launin ametis, dutse mai launin shunayya; shanyar safe kaɗan ta wadatar. Dunƙulen kwaz mai haske kuwa, dutse mai kama da gilashi, yana tara rana har ya ƙona tabarma.

In za ka saya a Kasuwar Dole ta Damagaram, duba cikin dutsen da kyau: ƙananan kumfa zagayayyu alamar gilashi ne, ba dutsen gaske ba.

Mai zazzaɓi ko hawan jini ya tafi likita. Dutse ba ya maye gurbin magani.