Matakan Koya wa Yaro Riƙon Kuɗi a Gidan Kirista

Iyaye daga Kaltungo, Billiri da cikin garin Gombe sun sha tambayata yadda za su fara koya wa 'ya'yansu riƙon kuɗi bisa koyarwar Littafi Mai Tsarki. Ga matakan a jere.

1. Ku karanta wa yaron Zabura 24:1, domin ya san cewa duk abin da ya shigo hannunsa na Ubangiji ne, amana aka ba shi.

2. Ku samo gwangwani uku, ku rubuta wa kowanne sunansa: na Allah, na ajiya, na kashewa.

3. Ku ba shi kuɗi ƙayyadadde kowace Asabar, misali naira 500, kuma a canji.

4. Ya fara cire zakka, wato kashi ɗaya cikin goma, naira 50, ya saka a gwangwanin Allah, kafin ya taɓa sauran.

5. Ya saka naira 150 a gwangwanin ajiya, saboda abin da ya zaɓa da kansa, kamar takalmin Kirsimeti. Abin da ya rage ya shiga gwangwanin kashewa.

6. Ranar Lahadi ya kai zakkarsa coci da hannunsa, ba tare da tilas ba, gama 2 Korintiyawa 9:7 ta ce Allah yana ƙaunar mai bayarwa da daɗin rai.

Gargaɗi: a nan ne tausayi yake ɓata aikin. Idan ya ƙarar da na kashewa tun ranar Talata wajen mai alawa, kada ku ƙara masa, kada kuma ku ranta masa na makon gaba, ko da ya yi kuka. Ku bar shi ya jira Asabar.

7. A ƙarshen wata ku zauna tare, ya ƙirga ajiyarsa a gabanku.