Darasi: Tabar Wiwi da Lafiyar Zuciya

Kafin mu fara karatu, kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ƙasa da babban yatsa. Ka ji wani abu yana harbawa? Ƙirga har minti ɗaya ya cika. Baligi mai lafiya da ke zaune, zuciyarsa tana harbawa sau 60 zuwa 100 a minti.

A cikin wiwi akwai sinadari mai suna THC. Da zarar mutum ya zuƙa, cikin 'yan mintoci harbin zuciyarsa yakan ƙaru da 20 zuwa 50 a minti, kuma yakan kai awa uku bai sauka ba. Zuciya mai sauri tana buƙatar ƙarin iska mai kyau. To amma hayaƙin yana ɗauke da gubar da ke cikin hayaƙin gawayi, wadda ke hana jini ɗaukar iskar. Kamar jaki ne aka ƙara masa kaya, aka rage masa harawa.

Shi ya sa maganar nan ta "ai ganye ne, ƙarfin aiki yake ba ni" take tayar min da hankali. Ɗan dako ko lebura ya sha, ya sunkuci buhu a tsakar rana, zuciyarsa ce ke shan wahala biyu. Wani kuma daga miƙewa tsaye sai jiri ya kwashe shi, domin jininsa ya sauka farat ɗaya.

A 2024 an fitar da wani bincike a Amurka kan manya fiye da 400,000. An gano cewa masu sha kullum sun fi marasa sha haɗarin bugun zuciya da kashi 25 cikin ɗari, shanyewar ɓarin jiki kuma da kashi 42. Mai hawan jini ko ciwon suga, ko mai haɗawa da sigari, nasa ya fi muni.

Idan wani ya riƙe ƙirji yana zufa, ciwon yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko bakinsa ya karkace, kada a tsaya jiƙa magani ko yayyafa ruwa. A nemi mota a kai shi asibiti nan take. Kuma don Allah a faɗa wa likita abin da ya sha, ko da akwai kunya, domin da wannan zai san maganin da ya dace.

Aikin gida: rubuta harbin zuciyarka da safe da kuma bayan aiki, ka zo da shi aji.