Yadda na karɓi takardar shaidar mutuwar Yaya a Shikago

Yayana ya rasu daren wata Talata a wani asibiti a Shikago, bayan shekara goma sha tara yana tuƙin tasi a garin. Allah ya jiƙansa. Washegari muka yi masa sutura. Ana cikin zaman makoki matarsa ta kira ni gefe, ta ce banki sun ƙi sauraronta sai ta kawo takardar shaidar mutuwa. Tana takaba, 'ya'yan ƙanana ne, don haka ɗawainiyar ta faɗo kaina. Ina rubuta wannan ne don 'yan uwanmu mazauna Amurka, domin ranar da abin ya same ka ba ka da natsuwar koyon komai.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ba a ofishin gunduma ake fara takardar ba. A teburin kamfanin shirya jana'iza ake fara ta, a ranar farko, lokacin da hankalinka yake kan wanka da likkafani da samun kabari. Ma'aikacinsu zai zauna da wani daga cikin iyali ya yi tambayoyi: cikakken sunan mamaci, ranar haihuwa, garin da aka haife shi, lambarsa ta Social Security (hukumar fansho da tallafi ta gwamnatin Amurka), sunan mahaifinsa, sunan mahaifiyarsa na gidansu, sana'arsa, zurfin karatunsa, sunan matarsa. Abin da ka faɗa shi zai shiga takardar. Yawanci likita ne zai cike ɓangaren dalilin mutuwa, sannan a tura a yi rajista.

A nan na yi kuskure, kuma laifina ne ni kaɗai. Na ba da sunan Yaya yadda muke rubuta shi a gida, alhali a fasfonsa da katin zamansa harafi biyu sun bambanta. Mu Hausawa wannan matsalarmu ce babba. Wanda gida ke kira Mamman, makaranta ta rubuta Muhammadu, fasfo ya ce Mohammed. Wani sunan garinsu ne a matsayin sunan iyali, wani na kakansa. Ranar haihuwa ma sau da yawa wadda ke fasfo ba ita uwa ta sani ba. Ma'aikacin banki bai san wannan ba, harafi da harafi yake dubawa. Don Allah kada ka amsa tambayoyin nan da ka. Ɗauko fasfon mamacin da lasisin tuƙinsa ka ajiye a gabanka, ka kwafa yadda yake, kuma ka nemi a nuna maka abin da aka shigar kafin a tura. Minti biyar ne. Ni gyaran sai da ya kai mu ga cike takardar rantsuwa da haɗa kwafin fasfo zuwa ma'aikatar lafiya ta jiharmu Illinois da ke garin Springfield, muka yi makonni muna jira, kuɗin haya kuma yana maƙale a asusun da ba a iya taɓawa.

Bayan an yi rajista sai maganar inda za a karɓa. Gundumar da mutum ya cika a cikinta ita ke riƙe da takardarsa, ko da a wata gundumar yake zaune. Yaya ya rasu a cikin gundumar Cook, inda Shikago take, don haka ofishin magatakardan gundumar Cook na je, sashen da ke ajiye bayanan haihuwa da aure da mutuwa. Da a ce motar asibiti ta kai shi wani asibiti a gundumar DuPage da ke maƙwabtaka, da Wheaton, hedikwatar gundumar, zan nufa. Ka tambayi asibitin ko masu jana'izar wace gunduma ce, kada ka yi hasashe. Tsarin ma ya danganta da jiha: a birnin New York, misali, ma'aikatar lafiya ta birnin ce ke bayarwa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ce wa kamfanin jana'izar su nemo maka kwafin tun a zaman farko. Idan wannan ya wuce ka, ko kwafin sun ƙare, za ka iya zuwa da kanka, ko ka aika ta gidan waya, ko ta intanet ta kamfanin VitalChek, wanda ke ɗora nasa kuɗin a kai. Ni na fi son zuwa da ƙafata, domin a nan take ka ga takardar ka karanta ta. Ka tafi da katin shaidarka mai hoto wanda bai ƙare aiki ba, da cikakken sunan mamaci da ranar rasuwa da wurin. Ba kowa ake bai wa ba, sai wanda ke da alaƙa ta jini ko aure, ko wani haƙƙi na dukiya da zai iya nunawa. Da yake ni ƙane ne, na riƙe takardar da ke nuna mahaifinmu ɗaya, na kuma tafi da wasiƙar matar Yaya da kwafin katinta don kada a mayar da ni. Lokacin da na karɓa, kwafin farko dala 17 ne, kowane ƙari a lokaci guda dala 6. Ka duba shafinsu kafin ka fita, farashi yana canzawa.

Kwafi nawa? Na karɓi biyar, na koma na ƙaro. Ka karɓi goma. Banki na son mai hatimi na asali, kamfanin inshora haka, ofishin sakataren jiha da ke sauya sunan mai mota haka. Wasu suna dubawa su mayar maka, wasu suna riƙewa. Mai gidan haya da kamfanin waya sun karɓi hoton takardar kawai. Hukumar Social Security yawanci masu jana'iza ne ke sanar da ita, amma matar mamaci ita za ta nemi dala 255 da ake bayarwa sau ɗaya, kuma cikin shekara biyu. Mafi muhimmanci, idan mamacin ya yi aiki yana biyan haraji yadda ya kamata, 'ya'yansa ƙanana na iya samun tallafin wata-wata. Kada kunya ta hana a tambaya, haƙƙin marayu ne.

Idan mutuwar ta faɗuwa ce ko haɗari ko ta farat ɗaya a gida, likitan binciken gawa na gunduma ne ke sa hannu. A irin wannan takardar farko tana iya fitowa da rubutun cewa ana jiran sakamako. Tana aiki a wurare da dama, amma masu inshorar rai kan jira ta ƙarshe. Kada ka kashe kuɗi kan kwafi goma na ta farkon.

Sai batun gida. Yaya yana da fili a Kano da asusu a wani banki, kuma ba a rabon gado sai an tattara abin da ya bari an biya bashinsa. Takardar Amurka ba ta isa haka kawai a Najeriya ba, domin Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ke sa hatimi ɗaya ya wadatar. Sai da sakataren jihar Illinois ya tabbatar da ita, sannan ma'aikatar harkokin wajen Amurka, sannan ofishin jakadancin Najeriya, wanda ke Washington da ƙananan ofisoshi a New York da Atlanta. Kafin ka fara wannan zagayen, ka sa lauyan iyali a gida ya tambayi kotu da bankin ainihin abin da suke buƙata. Na ware kwafi biyu don wannan kaɗai, na aika ɗaya ta hannun wani ɗan unguwarmu da zai tafi gida, ɗayan yana cikin jakar takardun matar Yaya tare da fasfonsa.