Kurakuran da muke yi wajen sayen gem har su taru su zame mana kamar bashi

Duk ƙarshen watan Yuni idan Steam, shagon sayar da gem na kwamfuta a intanet, ta saki rangwamen nan nata na tsakiyar shekara, ko na Disamba, abu ɗaya ne ke faruwa da yawancin mu. Kana kwance da daddare ka buɗe waya ka ga koren tambarin nan an rubuta -75%, gem ɗin dala 60 ya dawo 15, ga ranar da ragin zai ƙare an manna a ƙasa, kafin ka ankara ka zuba huɗu a kwando ka biya. Bayan wata uku ko ɗaya ba ka sauke ba. Ni ma na daɗe a haka kuma abin ya dame ni sosai, don kuɗin guminmu ne ke tafiya, nishaɗin da aka saya domin sa kuma ba a samu ba.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar ragi kamar wata garaɓasa da ba za ta sake dawowa ba. Wallahi tana dawowa. Steam tun 2003 take, manyan rangwamenta kuma a shekara sau da yawa suke zagayowa, gem ɗin da ya sauka yau yawanci zai sake sauka nan da 'yan watanni, wani lokacin ma ƙasa da haka. Ka shiga shafin SteamDB ko na IsThereAnyDeal ka duba tarihin farashinsa, za ka ga sau nawa ya taɓa kai wannan kuɗin, nan take zuciyarka za ta kwanta. Abin da nake yi yanzu, na jefa shi a Wishlist, wato jerin abin da nake son saye, in kwana biyu, idan ya sake sauka ai su da kansu za su turo maka imel. Tambaya ɗaya kawai nake wa kaina kafin in biya: yau ko gobe zan kunna shi? In amsar ita ce sai na gama wancan tukuna, to ba yau ne ranar sayensa ba.

Sai kuma lissafin da muke yi rabi da rabi. Muna kallon dala 15 ɗin mu manta da sauran. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 ce, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, to abin da Bature ke gani kamar kuɗin shayi a wajenka kuɗin cefane ne. In PlayStation ce ma ka san babu shagon Najeriya a hukumance, akawun ɗin Amurka ko Ingila muke buɗewa mu sayi katin zuba kuɗi a akawun a hannun masu sayarwa, su ma sai sun ɗora ribarsu. Ga data. Red Dead Redemption 2 a kwamfuta gurbin giga 150 yake nema, ka zauna ka lissafa kuɗin wannan datar da dararen da za ka yi kana gadin saukewa, ana ɗauke wuta yana tsayawa. Ga kuma lokaci, wanda shi ne ya fi komai tsada. Akwai shafin HowLongToBeat da ke nuna awa nawa mutane ke ɗauka su gama gem, The Witcher 3 labarinsa kaɗai wajen awa 50 ne, in ka bi ƙananan ayyukan ciki ya wuce 100. Mai aiki ko ɗalibin da yake samun awa biyar a sati, wata biyu da rabi ke nan a kan gem ɗaya tak, kai kuma ka sayi huɗu irinsa a dare ɗaya.

Biyan kuɗi tun gem bai fito ba shi ma a bar shi. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 cike da matsala a PS4 har Sony ta cire shi daga shagonta, bai dawo ba sai Yunin 2021. Sati biyu na haƙuri ya isa ka ji abin da waɗanda suka buga ke cewa.

Da yawa kuma ba su san ana mayar da kuɗi ba, ko sun sani suna jin nauyi. A Steam in bai wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga shi awa biyu ba, ka nemi kuɗinka. A PlayStation ma kwana 14 ne amma da sharaɗin ba ka fara saukewa ba, don haka in ka farka da safe ka ji nadama kar ka taɓa maɓallin saukewar.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda tarin nan ke komawa nauyi a zuciya. Ka dawo gida a gajiye, an kawo wuta, ka ɗauki fad, wato abin sarrafa gem, ka buɗe jerin gem ɗinka kana ta gangarawa ƙasa kana haurowa, minti ashirin sun tafi ba ka zaɓi komai ba, ƙarshe ka kunna gem ɗin bal da ka saba ka buga wasa biyu kana jin kamar ka yi laifi. Laifin me? Babu wanda ke bin ka bashin gama gem. Wani ɓangare na tarin ma ba sayensa ka yi ba, Epic, wani shagon gem irin Steam, duk Alhamis tana ba da na kyauta, har GTA V ta bayar a Mayun 2020, na PlayStation Plus, tsarin biyan kuɗin rajista na Sony, kuwa aro ne, ranar da ka daina biya sun rufe. Kar ka sa waɗannan cikin lissafin abin da ya zama dole.

Wanda ka saya da kuɗinka kuma ka buga awa biyar ka ji bai shige ka ba, ajiye shi. Kuɗin ya riga ya tafi, in ka tilasta wa kanka awa arba'in a kai asara biyu ka yi. Taura biyu ba ta taunuwa, ni uku kawai nake bari a kan na'ura: dogo mai labari guda ɗaya, gajere wanda zan iya gamawa a ƙarshen mako, sai bal don idan abokai sun zo. Sauran a Steam na ɓoye su daga laburare, akwai wajen yin haka in ka danna maɓallin dama na linzami a kan sunan gem ɗin, suna nan ba su ɓata ba, ido ne dai ba ya ganin su kullum. Faifan PS4 da suka shekara biyu a kwali ban buɗe ba kuwa na fito da su, biyar na sayar, biyu na yi musaya, ɗaya na ba ƙanina, shi kam a sati uku ya gama shi yana ta kira na yana ba ni labarin inda ya kai.